Ganye Biyu da Suka Kai Ni Benis

Littafin da na fi ƙauna ina yaro ba shi da bango, ba shi kuma da ƙarshe. A ƙasa na saye shi, wajen masu baza tsofaffin littattafan lakwal a bakin kasuwar Dole ta Damagaram, dala 10, kuɗin askin da Inna ta ba ni. Mickey Parade ne, irin ƙananan nan masu kauri da ake bugawa a Faransa, waɗanda sai sun gama yawo a hannun 'ya'yan Nasara da 'ya'yan manyan ma'aikata kafin su gangaro mana. Mu duk "Mike" muke ce musu, ko da babu ɓeran a ciki.

Labarin da ya kama ni na tsohon agwagwan nan ne, Picsou, attajirin da ke wanka cikin kuɗi amma sisi ba ya fita daga hannunsa sai da kuka. An buɗe labarin da shi ya tsiyace, sannan aka koma baya aka nuna yadda aka yi. Wani ɗan ƙaramin wake ne, irin wanda Larabawa ke kira adas, wai tun na zamanin Babila, da ɓarayin nan 'yan gida ɗaya masu lamba a ƙirji suke ciniki. Kwaɗayi ya ja tsoho ya ba da duk abin da ya mallaka don cinikin ya dawo hannunsa, ya shuka irin nan ko'ina, iri ya ce bai san zance ba. Ni ɗan manomi ne, na san ciwon a binne iri a yi ta kallon ƙasa. Ina kaiwa daidai inda ɓarayin suka ce za su mayar masa da dukiyarsa in har ƙwaya ɗaya ta tsiro, sai na juya shafi na ga wayam. An yage ganye biyu na ƙarshe. Na koma wajen mai littafi, ya ce in je in tambayi mai ƙosai.

Yau shekara 40 ke nan da 'yan kai. Kusan duk tsawon wannan lokaci na ɗauka wani Ba'amurke ne mai suna Walt Disney ke zama shi kaɗai yana zana waɗannan labarai, tunda sunansa ne kawai a kai. Ashe mutumin ya mutu tun 1966, ba a ma haife ni ba. Sai da intanet ta shigo wayoyinmu na rubuta sunan labarin da Faransanci, na ga ashe a Italiya aka yi shi a 1960, kuma hannu ɗaya ne ya tsara shi ya zana shi: Romano Scarpa, haifaffen birnin Benis. Da na ga dama da tuni na karanta ƙarshen a waya. Na ƙi. A takarda aka yanke mini shi, a takarda nake so a biya ni.

Bara, cikin watan Oktoba, ɗan yayata da ke aiki a wata masana'antar takalma kusa da birnin Padova na Italiya ya yi mini hanya na kai masa ziyara. Wahalar biza labari ne na wata rana. Da ya tambaye ni inda nake son gani, yana zaton zan ce Roma ko filin ƙwallon Milan, na ce masa shagon tsofaffin littattafai nake so, a Benis. Ya dube ni ya ce, "Kawu, tun daga Damagaram, saboda Mike?" Na ce saboda Mike.

Daga Padova jirgin ƙasa bai kai awa guda ba. Bayan tashar Mestre sai ƙasa ta ƙare. Haka nan kawai, kamar an yanke ta da wuƙa. Jirgi ya hau wata gada mai tsawon kusan kilomita 4, ruwa dama ruwa hagu, launin toka-toka, da wasu gungumen itace a kakkafe uku-uku suna nuna wa jiragen ruwa hanya. Ni da babban ruwan da na sani shi ne kogin Yamai, sai na tsinci kaina ina karanta addu'ar hawan abin hawa karo na biyu. A allon tasha an rubuta Venezia Santa Lucia. Kana fitowa ƙofa, maimakon titi da masu kabu-kabu, sai ka ga babban mashigin ruwa yana lasar matakala.

Garin tsibirai ne 118 da aka ɗinke da gadoji sama da 400, kuma in ban da tashar mota da ke bakin gari, babu mota ko ɗaya a cikinsa. Kowa ya san wannan, ni ma na sani, amma sani daban gani daban. Na ga jirgin kwasar shara, na ga jirgin asibiti da jiniyarsa, na ga wani ɗauke da buhunan siminti da injin wanki. Waɗanda suka fi burge ni 'yan dako ne. Kurarsu tana da wasu ƙananan tayoyi a gaba, da su suke hawa matakalar gada ɗaya bayan ɗaya, suna daka wa masu ɗaukar hoto tsawa su kauce. Ɗan dako dai ko'ina murya ɗaya gare shi.

A wannan garin aka haifi Scarpa ranar 27 ga Satumba 1927. Yana ɗan shekara 5 aka fara buga jaridar yara mai suna Topolino, wato ɗan ɓera, sunan da Italiyawa suka raɗa wa Mike. A lokacin faffaɗar jarida ce, tana ɗauko labaran da Floyd Gottfredson ke zanawa a jaridun Amurka, inda ɓeran yake jarumi mai bin sawun 'yan fashi da 'yan leƙen asiri. Da su yaron ya tashi. Ko da gwamnatin Mussolini ta hana labaran zane na Amurka a 1938, ɓeran ya tsira har zuwa 1942. Ina tafe cikin lunguna ina ƙoƙarin hango yaro da ɗan gajeren wando ya fito da gudu ya nufi rumfar mai jarida. Da wuya na iya. A 1951 mutanen da ke zaune a tsakiyar birnin sun kai wajen 175,000. A 2022 sun faɗo ƙasa da 50,000. Rumfunan jaridar da na leƙa, rabin kayansu fuskokin bikin gargajiya ne da 'yan maganaɗisun liƙawa a firiji.

Yaron nawa ya ce mu bar hanyar da kowa ke bi, muka kutsa unguwar Cannaregio. Nan ne na ji ƙamshin albasa daga tagogi, na ga shanya an ɗaure igiyarta daga wannan gida zuwa wancan a saman ruwa. A wani ɗan fili da ake kira Campo dei Mori akwai gumakan wasu fatake da rawani a jikin bango, ɗaya hancinsa na ƙarfe ne. Muna zagayawa bayan gidan, a ƙetaren ruwa, sai ga raƙumi an sassaƙa a bango, da kaya a bayansa da mai jansa. Raƙumi a garin da ko jaki ba zai iya yawo ba! Na daɗe a tsaye. Abin da ya faɗo mini shi ne Alƙur'anin kakana na rubutun hannu, wanda in ka ɗaga takardarsa a hasken rana za ka ga jinjirin wata uku a jere. Irin wannan takarda a masana'antun arewacin Italiya ake yin ta, wajajen Pordenone da ke arewa da nan, a kai ta Tarabulus ta ruwa, ayari ya ratso da ita ta Abzin da Damagaram har Kano. Ashe ba Mike ne takardar farko da ta zo gidanmu daga wannan yanki ba.

Azahar ta same mu a nan. Muka yi alwala a famfon fili, muka samu wani lungu da ya mutu a bakin ruwa muka shimfiɗa rigar sanyi. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga, ta ja labulenta a hankali.

Mun fara da shagon nan da ya yi suna, wanda ake zuba littattafai cikin kwale-kwale da bahon wanka don gudun ambaliya. Dabarar ba wasa ba ce: ranar 12 ga Nuwamba 2019 ruwa ya hau santimita 187, wanda tun 1966 ba a ga irinsa ba. Sai dai mutane sun yi yawa, kowa waya a sama, ga kyanwa tana barci kan tarin littattafai ana layin ɗaukarta hoto. Na tona kwali biyu ban dace ba, muka fita.

Wanda muka dace da shi ƙarami ne, can cikin wani lungu, faɗinsa bai fi shagon tela ba. Na lura layin littattafai na ƙasa babu komai a kansa, an fara jeri daga daidai gwiwa. Mai shagon dattijo ne da tabarau a rataye a wuya. Da ya ji muna neman littafin zane na wani ɗan gari, bai jira mu gama ba ya miƙa hannu ya ɗauko Corto Maltese na Hugo Pratt. Yaron ya ce masa a'a, Scarpa muke nema. Dattijo ya tsaya cak, ya sa tabarau, ya ƙare mini kallo tun daga hula har takalmi.

"Kawu, wai yana tambaya daga ina kake, kuma wa ya gaya maka sunan."

Na ba da labarin mai ƙosai. Yaron na fassarawa, dattijo na dariya har da dafa kanta. Da ya ji ni malamin firamare ne sai ya koma kirana maestro, ya ce haka su ma masu karatun Topolino suke kiran Scarpa. Ya jawo mini kujera.

Ya ɗora littafin Pratt a gefe ɗaya, ya ɗauko wani tsohon Topolino ya ɗora a ɗaya gefen. Mutanen biyu sa'o'in juna ne, duka 1927 aka haife su, duka a Benis suka yi ƙuruciya, ko da yake Pratt a Rimini aka haife shi kuma ya yi wasu shekarun samartakarsa a Habasha. Littafin Pratt ga sunansa ɓaro-ɓaro a bango. Na Scarpa kuwa dattijo ya buɗe shafin farko ya bi shi da yatsa sama da ƙasa: Walt Disney kawai. Haka mujallar ta yi ta fita shekara da shekaru, sai wajen ƙarshen shekarun 1980 aka fara sa sunayen masu rubutu da masu zane a ƙasan labari. Kafin nan mutumin ya yi sama da shekara 30 yana aiki. Yara sun san hannunsa, suna cewa wannan na mai zanen nan ne mai kyau, amma ba su san ko wane ne ba. Ni wannan bai zame mini baƙon abu ba. Wa ya taɓa tambayar sunan matar da ta ɗinka hular da ke kansa? Sunan mai shago muke riƙewa. Amma ban ce daidai ne ba.

Abin da ya fi tsaya mini a ziyarar nan shi ne darasin da dattijon ya ba ni a kan shafi guda. Ya ce in rufe 'yan balan-balan ɗin magana da hannu, in kalli jiki kawai. A gidan zane na farko agwagwa ya durƙusa kamar zai zauna. A na biyu ya miƙe ya yi tsawo fiye da ƙima, hularsa ta rabu da kansa tana rataye a iska. A na uku ƙura kawai ta rage da ƙafa ɗaya a bakin layi. Babu inda aka zana gudun kansa, amma idona ya ga gudu. Ya ce wannan aikin mai zane mai motsi ne, wanda ya saba raba daƙiƙa ɗaya gida 24, ya san wane gida zai ɗauka wane zai bari.

Can ne asalin Scarpa. Fim ya so yi tun farko. Yaƙin duniya na ƙarewa, bai cika shekara 20 ba, ya buɗe ɗan ɗakin aikinsa na katun a nan Benis, yana yin tallace-tallace da gajerun finafinai. A 1953 ya gama La piccola fiammiferaia, daga tatsuniyar marubucin Denmark Andersen ta yarinya mai tallar ashana, wanda daga baya aka riƙa nunawa a silima tare da wani fim ɗin yaƙi na Amurka. Sai dai katun abu ne mai cin kuɗi da hannaye da yawa, Italiya ta wancan lokaci kuwa ba ta da kasuwarsa. A shekarar nan ta 1953 ya fara zana wa Topolino, wadda kamfanin Mondadori na Milan ya mayar ƙaramin littafin aljihu tun 1949. Da farko labaran marubuci Guido Martina yake zanawa. Daga 1956 ya fara rubuta nasa da kansa, kuma shekaru bakwai ko takwas da suka biyo baya su ne kakarsa. Fim ɗin da bai samu kuɗin yi ba, sai ya riƙa yin sa a kan takarda.

Dattijo ya yi ta zaro su yana jerawa kamar mai nuna hotunan jikoki. Ga na 1960 inda Mike ke fama da jiri, aka koma da labari zuwa lokacin da yake jariri, Scarpa ya zana wannan ɓangaren da irin zanen yara, karkatacce, yadda idon jariri zai ga duniya. A cikinsa ne ya ƙirƙiro Trudy, budurwar ƙaton ɗan fashin nan da mu muka sani da Pat Hibulaire. Ga kuma Brigitta, ita ma 1960, wadda na gane tun kafin ya faɗi sunanta: agwagwar nan mai gashin gwal da ta nace sai ta auri Picsou, shi kuwa yana ganinta zai fita ta taga. Mun sha dariyarta a lakwal, don kowace unguwa tana da bazawara mai irin wannan naci da Alhajin da ke ɓuya. Ban taɓa kawowa a raina cewa ba a Amurka aka haife ta ba. Carl Barks kansa, wanda ya ƙirƙiro Picsou, ta burge shi har ya aiko wa Scarpa da zanenta tana fesa turare mai ƙamshin kuɗi don ta ja hankalin tsohon, Scarpa kuma ya gina labari a kai.

Na tambaya ko ya koma fim daga baya. Ya koma, jefi-jefi: wani gajere a 1972, wani na talabijin a 1977, sannan jerin katun na 2001 mai suna Sopra i tetti di Venezia, wato a saman rufin gidajen Benis. A 1988, shekarar wasannin Olamfik na Seoul, ya yi labari mai shafi wajen 250. A shekarun 1990 ya tattara ya koma kudancin Sifen, can ya ci gaba da zane, can kuma ya mutu, a yankin Malaga, ranar 23 ga Afrilu 2005. Dattijo ya ɗaga kafaɗa ya nuna bangon shagonsa da gishirin ruwa ya cinye, ya ce wanda ya tsufa a cikin wannan laima ba a tambayarsa dalilin neman rana.

Sannan ya shiga ciki. Muka ji yana jan kwalaye yana magana shi kaɗai. Ya fi minti goma kafin ya fito da wani ɗan littafi mai kauri, ba bugun 1960 ba, sake bugu ne na baya, takardarsa ta yi ja kamar an jiƙa ta da shayi. Ya buɗe tsakiya ya miƙo mini: Paperino e le lenticchie di Babilonia. Ban iya Italiyanci ba, amma ina ganin shafin farko na gane shi kamar fuskar ɗan ajinmu. Yuro 6 ya ce. Na buɗe baki zan taya, yaron ya taka mini ƙafa.

Ban karanta a shagon ba. Na sa shi a aljihun ciki na ce sai mun hau jirgin ruwan haya, wanda suke kira vaporetto. Yaron ya ce, "Kawu, yuro 9 da rabi ne fa kowane mutum, sama da jaka 6. Da ƙafa minti 20 ne zuwa tasha." Na ce na ji, ni zan biya. Dalilina shi ne labarin da Giorgio Cavazzano ya sha bayarwa, wanda yau yana cikin manyan masu zanen Topolino. Yana ɗan shekara 14 ko kusa da haka, a cikin irin wannan jirgi yana nuna zanensa, wata budurwa ta gani ta ce saurayinta ma mai zane ne. Saurayin Scarpa ne. Haka yaro ya zama mai bin masa tawada: maigida ya zana da fensir, almajiri ya bi layin da buroshi, shekara da shekaru, har hannunsa ya faɗa ya buɗe nasa salon. Yadda ɗan koyo ke farawa da ƙarfen guga a shagon tela kafin a ba shi almakashi.

Muka samu wuri a baya, a waje, inda injin ke girgiza kujera. La'asar ta yi sanyi, gidajen bakin babban mashigi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ƙofofinsu na ƙasa duk kore da gansakuka. Kowa na ɗaukar gadar Rialto hoto, ni kaina na cikin littafi. Na faro daga farko don kada in yi wa kaina zamba. Yaron na karanto mini balan-balan ɗin da Hausa, yana yi wa Picsou muryar wani mai shagon unguwarmu, har wata mata da ke kusa da mu ta fara murmushi ba ta san me ake cewa ba. Muka zo inda aka yanke mini. Na tsaya, na goge tabarau, na juya.

Ƙwaya ta tsiro. Bayan duk gonakin da tsohon ya bi ya gaji, ga tsiro ya fito. Na juya shafi in ga yadda za a mayar masa da rumbun kuɗinsa, in ga idon ɓarayin nan, sai na tarar da wani labari daban ya fara.

"Shi ke nan?" in ji yaron. "Kawu, ko wannan ma mai ƙosai ta biyo ta kansa?"

Na duba lambar shafi, na duba ta gaba, suna bin juna. Na buɗe littafin sosai na leƙa gindin ɗaurin ko akwai guntun takarda da ya rage. Babu. Scarpa ne da kansa ya ajiye fensir a nan. Mai kula da igiya ya yi kiran Ferrovia, tashar jirgin ƙasa, mutane suka fara turereniyar fita, ni kuwa ina zaune ina sake ƙirga shafukan da yatsa.